Hannun da Ba Zobe

A ƙasarmu ta Arewa, wajen Dogon Dutsi, mutane suna da hanyoyi da yawa na yin magana ban da baki. Makaɗi yana kiran sunan mutum da kalangu. Zanen fuska yana faɗin asalin baƙo tun bai yi sallama ba. Ƙararrawar majami'a tana ce mana lokacin addu'a ya yi. Tokar da ake shafa mana a goshi ran Larabar Toka, ita ma wa'azi ce. Amma ban san hoto yana magana ba sai a shekara ta 2002, kuma da kunya na koya.

Yayana ya tafi ci-rani Abijan, a ƙasar Kodibuwa, yana dako a kasuwar Ajame. Kafin damina ta faɗi, wani matafiyi ya kawo mana ambulan daga gare shi, da wasiƙa da hoto a ciki. Ni kaɗai ne na yi makarantar mishan a gidanmu, saboda haka aka shimfiɗa tabarma, maƙwabta suka taru, na karanta da ƙarfi. Wasiƙar ta ce yana nan lafiya, aiki yana tafiya, a gai da kowa.

Hoton kuwa ya burge mu. Ga Yaya cikin baƙar kwat, a bayansa manyan benaye, ya ɗora hannun dama a kan tarho kamar babban ma'aikaci. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu ana barka. Inna, wadda ba ta san ko harafi ɗaya ba, ta karɓa daga ƙarshe. Ta daɗe tana dubawa, ba ta ce kome ba sai da mutane suka watse.

Sa'an nan ta kira ni ɗaki, ta ce, "Auta, kwat ɗin nan ba tasa ba ce, dubi yadda ta rufe masa wuyan hannu. Dubi wuyansa yadda ya tsotse. Ina kuma zoben azurfan da ubanku ya bar masa? Rubuta masa ya komo gida."

Na ce, "Haba Inna, ai ga takarda ta ce lafiya lau yake."

Ta ce, "Kai ka karanta takarda, ni na karanta ɗana."

Na ɗauki alƙalami, amma ban rubuta abin da ta ce ba. Na ga kamar tsoron tsofaffi ne kawai. Na cika takarda da gaisuwa, har na roƙe shi ya aiko da kuɗin taki, in da hali ya haɗo mini da rediyo. Inna ta tambaye ni ko na sa saƙonta, na ce na sa.

Ran 19 ga Satumba na shekarar nan yaƙi ya tashi a Kodibuwa. Aka ƙone unguwannin talakawa da dama a Abijan inda baƙi suke zaune. Wata uku ba mu ji ɗuriyarsa ba. Gab da Kirsimati ya iso a bayan babbar mota, ba ya iya tsayuwa, yana tari har da jini. A asibiti aka ce tarin fuka ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Wata shida yana shan magani kafin Allah ya tashe shi.

Da ya sami sauƙi, na tambaye shi labarin hoton. Ya yi dariya, ya ce benayen nan zane ne a jikin ƙyalle, tarhon ba shi da waya, kwat ɗin kuma mai hoto ne yake ara wa kowa. Wannan tsohuwar al'ada ce ta masu hoto. An ce Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yakan ajiye rediyo da agogo da babur domin masu zuwa ɗaukar hoto. Sai Yaya ya daina dariya, ya ce, "Na san a gaban jama'a za ka karanta wasiƙar, yaya zan ce na kāsa? Shi ya sa na miƙo hannun gaba. Na sayar da zoben na sayi magani. Na san Inna za ta gani."

Ashe saƙo biyu ya aiko a ambulan ɗaya: na maƙwabta, da na mahaifiyarsa. Abin da kunya ta hana alƙalami, hannu ya faɗa. Ni ne na tare saƙon a hanya. Daren nan na durƙusa gaban Inna na faɗi gaskiya, ta yafe mini, amma watannin da ya yi yana wahala ba su komo ba.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan al'amari. A Farawa sura 37, rigar Yusufu da aka tsoma cikin jinin akuya ta yi wa Yakubu ƙarya, ya yi makoki a kan ɗan da yake da rai. A sura 45 kuma, bai gaskata bakin ƴaƴansa ba sai da ya ga kekunan da Yusufu ya aiko daga Masar. Abin da ido ya gani yana iya ruɗinmu, yana kuma iya ta da ruhunmu. Sai mai duba da ƙauna da natsuwa yake rarrabewa.

Yanzu hoto ya cika wayoyin hannu. Bayan sujada ran Lahadi, iyaye mata sukan nuna mini hotunan ƴaƴansu daga Legas, ko Agadas, ko Libiya, kowa yana jingine da mota yana murmushi. Ina taya su murna, amma nakan dubi wuya, da hannu, da takalmi. In na ga abin da bai kwanta mini ba, sai in ce, "Mama, mu kira shi yau, ke kaɗai, ba a gaban mutane ba."

Ƴan'uwa, ɗan'uwanmu ba kullum zai ce "ku taimake ni" da baki ba. Ubangiji ya ba mu ido irin na Inna, ya kuma hana mu tare saƙon da aka damƙa mana.