Mun Ga Layun Sinawa a Birnin Hong Kong

Mu uku ne aka aika daga makarantun ikkilisiyarmu zuwa wani taron malamai a birnin Hong Kong, can bakin teku a kudancin ƙasar Sin. Turawan Ingila ne suka riƙe birnin har shekarar 1997, sa'an nan suka mayar wa Sin. Mutanensa sun haura miliyan 7, ga wurin kuwa matsattse, saboda haka gidajensu sama suke tafiya, bene a kan bene. Mun sauka cikin watan Janairu, ana shirin bikin sabuwar shekarar Sinawa, wadda takan faɗo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Ko'ina muka duba ja ne, ƙofa ja, fitila ja, takarda ja.

Mai masaukinmu wata dattijuwa ce mai bi, ta kusa shekara 80. Mama muke ce mata. Ran da taro ya ba mu hutu ta ce za ta kai mu mu ga inda ta girma. Muka shiga jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, muka sauka a tashar Wong Tai Sin. Kafin mu gama hawan matakala ƙanshin turaren wuta ya tarye mu.

Haikalin makiyayi

Wong Tai Sin sunan haikali ne, sunan unguwa ne, sunan wanda ake yi wa sujada a wurin ne kuma. Tarihinsu ya ce shi yaro ne makiyayi a lardin Zhejiang, wajen shekara 1,700 da suka wuce. Wai ya shiga dutse ya koyi asiri, har ya iya mai da fararen duwatsu su zama tumaki. A 1915 wani malamin addinin Tao ya kawo hotonsa Hong Kong daga lardin Guangdong. A 1921 aka kafa haikalin a inda yake yanzu, a gindin wani tsauni mai kama da zaki. Sai a 1956 aka buɗe shi ga kowa da kowa. Kirarin da ake yi wa wurin shi ne, wai duk abin da ka roƙa za ka samu.

A farfajiya muka tarar da mutane durƙushe, maza da mata, tsofaffi da samari masu kwat da waya a hannu. Kowa yana riƙe da wani ɗan gwangwani na itacen gora, a cikinsa tsinkaye 100, kowanne da lambarsa. Mutum zai riƙe tambayarsa a zuci, ya yi ta girgiza gwangwanin har tsinke guda ya faɗo. Sai ya ɗauki lambar ya nufi rumfunan masu duba, waɗanda suke jere a gefen haikali kamar rumfunan masu ɗinki a kasuwa. Mai duba ya ɗauko takardar da ke da wannan lamba, ya fassara masa, shi kuwa ya biya. Tambayoyin ba baƙi ba ne a kunnenmu: aure, haihuwa, ciniki, jarrabawa, rashin lafiya.

Abin da ke kan tebur

A bakin ƙofa masu sayar da kayan sa'a suka baza hajarsu. Mama ta bi da mu tebur tebur tana yi mana bayani. Da muka saurara da kyau, muka gane cewa yawancin kayan nan wasan harshe ne aka mai da shi abin ratayawa. Harshen Sinanci yana da kalmomi da yawa masu amo ɗaya amma ma'ana dabam, kamar yadda mu ma muke da gari na zama da gari na tuwo.

Babbar kalmarsu ita ce fu, yadda mutanen Beijing suke faɗa, wato albarka ko sa'a. Sukan rubuta ta a jar takarda su manna a ƙofa. Sau da yawa a kife suke manna ta, da gangan, gama kalmar kifewa da kalmar isowa amonsu ɗaya ne. Idan baƙo ya ce albarkarku ta kife, ai ya ce albarka ta iso ke nan. Jemage ma sunansa yana da amon fu. Saboda haka wannan halitta da mu muke ƙyama, su zana ta suke yi a kwano da riga. Jemage 5 alama ce ta albarka 5 da wani tsohon littafinsu ya lissafa: tsawon rai, wadata, lafiya da kwanciyar rai, son nagarta, da kyakkyawan ƙarshe cikin tsufa. Kifi kuwa amonsa ɗaya da kalmar rara, wato a ci a bar saura. Shi ya sa ba a raba teburin sabuwar shekara da kifi.

Lambobi ma haka ne. A harshen mutanen Hong Kong 8 ana ce mata baat, ta yi kusa da faat, wato bunƙasa. Lamba 4 kuwa sei ce, ta yi kama da kalmar mutuwa. A gidan da muka sauka babu hawa na 4, daga 3 sai 5. Kada ku ce wannan wasan yara ne. Gwamnatin Hong Kong takan yi gwanjon lambobin mota, a 2016 kuwa wani ya sayi lamba 28 a kan dalar Hong Kong miliyan 18 da ɗoriya, don amonta ya yi kama da arziki a sauƙaƙe. Wasannin Olamfik na Beijing ma ran 8 ga wata na 8 na 2008 aka buɗe su, da ƙarfe 8 na dare.

Akwai tsofaffin kuɗin tagulla masu rami a tsakiya, irin anini da kwabo mai huda da kakanninmu suka kashe, sai dai ramin nasu mai kusurwa huɗu ne. Suka ce da'irar sama ce, ramin kuwa ƙasa. Akan ɗaure guda 5 da jan zare, na sarakuna 5 na daular Qing waɗanda zamaninsu ya yi albarka, a rataye a ƙofa ko a sa a akwatin kuɗi. Akwai wata dabba ta tatsuniya mai suna pixiu, kamar zaki mai fiffike. Wai tana haɗiye zinariya amma ba ta da mafita, don haka dukiya ta shiga ba ta fita. 'Yan kasuwa suna sonta ƙwarai. Akwai kuma madubi mai kusurwa 8 da ake kafawa a saman ƙofa daga waje, domin ya mai da sharri inda ya fito. A kan ƙyauren ƙofa kuwa sukan manna hoton jarumawa biyu, Qin Qiong da Yuchi Gong. Sarkin yaƙi ne kowannensu a zamanin daular Tang. Labari ya ce su suka yi gadin ƙofar sarki da dare har fatalwa ta bar shi ya yi barci.

Amma abin da ya fi tsai da mu shi ne wata 'yar takarda rawaya mai jan rubutu. Malamin Tao ne yake rubuta ta. Akan ninke ta kusurwa uku a sa a aljihu ko a ƙarƙashin matashin kai. Wani lokaci akan ƙone ta, a zuba tokar a ruwa, marar lafiya ya sha. Muka dubi juna. Abokin tafiyarmu ya ce, ashe laya da rubutun sha sun riga mu zuwa Sin. Muka yi dariya, har muka ce abin tausayi, mutane masu jirgin ƙasa a ƙarƙashin teku suna tsoron lamba 4.

Kwaɗon Mama

Mama ba ta yi dariya ba. Ta kai mu wani benci a lambun haikalin, muka zauna. Ta nuna mana dogayen gidajen da suka kewaye wurin, ta ce lokacin ƙuruciyarta duk bukkokin katako da kwano ne. Iyayenta suna cikin dubban da suka gudo daga babban yankin Sin bayan juyin mulki na 1949, ba su da kome sai abin da suka ɗauko a ka. Gobara ce babban abin tsoronsu. A daren Kirsimati na 1953 wuta ta cinye bukkokin unguwar Shek Kip Mei, ba nisa da nan, mutum fiye da 50,000 suka kwana ba gida. Wanda ba shi da gona, ba dangi, ba likita, ina zai nufa? Haikalin nan kuwa yana ba da maganin gargajiya kyauta. Haka sunan Wong Tai Sin ya yi girma.

Sa'an nan ta ba mu labarin kwaɗonta. Kafin a haife ta, mahaifiyarta ta binne 'ya'ya biyu. Da aka haife ta, sai uwar ta bi gida gida tana roƙon ɗan kuɗi kaɗan kaɗan, bisa ga al'adarsu ta tara kuɗi daga gida 100. Da kuɗin aka ƙera ɗan kwaɗo na azurfa, irin na kulle ƙofa amma ba mabuɗi, aka rataya mata a wuya, wai a kulle ranta kada mutuwa ta ɗauka. Waɗansu iyaye kuma sukan sa wa yaro mummunan suna, kamar sauran kare, don mugayen ruhohi su raina shi su wuce. Nan jikinmu ya yi sanyi, gama mun san 'ya'yan wabi, mun kuma san dalilin da ya sa ake kiran yaro Ajuji.

Ta dube mu ta ce, "Malam, uwata ba wawa ba ce. Tsoro ne ya kama ta, ba ta kuwa san wanda za ta kai wa tsoron ba. Ku a ƙasarku, in yaro ya kwanta, me kuke yi?"

Ba mu amsa da wuri ba. Za mu faɗa muku abin da muka faɗa mata, ko da yake da kunya. Shekarun baya autanmu ya yi zazzaɓi mai zafi har da sanƙarewa. Muka kai shi asibiti, muka yi addu'a. Amma da dare kakarsa ta ɗaura masa laya a ƙugu, a ƙarƙashin riga. Mun gani, muka kau da kai. Mu da muke koya wa 'ya'yan mutane Littafi Mai Tsarki kowace safiya, muka ce a zuci, bari dai a haɗa duka biyu, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Yaron ya warke. Har yau kakarsa tana cewa layar ce, mu kuwa ba mu taɓa zama da ita mun yi maganar ba.

Mama ta ce ita ta ba da gaskiya ga Almasihu tana budurwa, a wata makarantar mishan. Ta cire kwaɗon daga wuyanta, amma ba ta jefar ba. Yana nan a akwatinta. Ba ta sa zuciya gare shi ko kaɗan, tana ajiye da shi ne don tunawa da matar da ta bi ƙofa 100 saboda ita. Shekaru da yawa ta yi tana yi wa uwar magana a hankali, ba gori ba zagi, kafin tsohuwar ta yarda ta bi ta sujada.

Jar takarda a ƙofar masu bi

Ran Lahadi muka je majami'arsu. A ƙofa muka ga jajayen takardu irin na sabuwar shekara, har da kalmar fu. Muka yi mamaki. Fasto ya bayyana mana cewa ayoyi ne aka rubuta a kansu. Ya ce kalmar Bishara a Sinanci fuyin ce, wato muryar albarka, da wannan fu ɗin da ke manne a kowace ƙofa. Albarkun da Ubangiji ya faɗa a kan dutse, cikin Matiyu sura 5, su kuma Sinawa masu bi suna ce musu fu 8. Ga lamba 8, ga fu, abu biyu da maƙwabtansu suka fi so. Sai dai idan maƙwabci ya karanta, zai ga an ba da albarkar ga matalauta a ruhu, da masu makoki, da masu shan tsanani. Ba mai sayen irin wannan a gwanjo.

Faston ya ƙara da gargaɗi. Ya ce akwai masu bi a cikinsu da suke manna aya a ƙofa da irin zuciyar da kakanninsu suka kafa madubi. Takardar ta sāke, zuciyar tana nan yadda take. Muka tuna da namu: Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin matashin kai wanda ba a buɗewa, ɗan kwalbar mai da aka saya da tsada, gicciye a madubin mota don kada a yi haɗari.

Mun dawo gida lafiya, mun gode wa Allah. Tsarabar da muka kawo wa iyali ita ce jar takarda guda mai kalmar fu, wadda Mama ta rubuta da hannunta. Ba mu manna ta a ƙofa ba, tana cikin littafin hotuna. Makon da muka dawo muka tafi ƙauye da goro da sabulu, muka zauna da kakar yara a inuwar rumbu. Muka fara da yi mata godiya saboda ƙaunar da take yi wa jikanta, abin da ba mu taɓa yi ba. Sa'an nan muka ba ta labarin wata uwa a ƙasar Sin da ɗan kwaɗon azurfa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce mu komo mu ƙara mata. Ku riƙa tunawa da ita da mu cikin addu'a.