Baƙar Tagar da Ke Ƙiftawa a Fuskar Kwamfuta

Duk wanda ya daɗe yana aiki da Windows ya san ta. Da zarar an danna alamar wata manhaja a fuskar kwamfuta, sai baƙar taga mai fararen haruffa ta bayyana, ko dai ta ƙifta ta ɓace, ko ta zauna daram har aikin ya ƙare. Ma'aikacin ofis da bai san amfaninta ba yakan rufe ta don ta tsone masa ido, manhajar kuwa ta mutu tare da ita, wani lokaci ana tsakiyar kwafe bayanan da ba su da madadi. Wannan ne ya sa masu rubuta ƙananan manhajoji suka daɗe suna neman dabarar ɓoye ta.

Mutane da dama suna ɗora wa gajerar hanyar da suka danna laifi, alhali ita 'yar aike ce kawai. Tushen al'amarin yana cikin manhajar. Tun daga Windows NT na 1993, kowane fayil mai ƙarewa da .exe yana ɗauke da wata lamba a farkonsa wadda ke bayyana jinsinsa: 2 na nufin manhaja mai zana tagoginta da kanta, 3 kuma na nufin wadda ke magana da rubutu zalla, irin salon da aka gada daga zamanin MS-DOS. Idan Windows ta ga 3, kuma ba daga cikin wata tagar umarni aka tayar da manhajar ba, sai ta buɗe mata sabuwa tun kafin manhajar ta aiwatar da layi ko ɗaya. Shi ya sa wanda ya umarci PowerShell da ɓoye tagarsa ta hanyar -WindowStyle Hidden yake ganin ƙiftawar duk da haka. Tagar ta riga ta buɗe kafin a karanta umarnin.

A cikin saitunan gajerar hanya akwai zaɓi uku kacal: taga daidai, taga a naɗe, ko taga cike da allo. Babu na ɓoyewa. Na biyun, wato Minimized, shi ne wanda aka fi rainawa, kuma sau da yawa shi ya fi dacewa: tagar ba ta tare wa kowa aiki, tana nan ƙasa a jerin manhajojin da ke buɗe, mai buƙata ya duba.

Hanya mafi tsabta ita ce ta tagwaye. Masu harshen Python sun tanadi python.exe da pythonw.exe, masu Java kuma java.exe da javaw.exe. Aikinsu ɗaya, sai dai mai harafin w an yi masa rajista da lamba 2, don haka Windows ba ta buɗe masa komai. Ƙara harafi ɗaya a gurbin Target na gajerar hanyar, ko sauya ƙarshen sunan fayil daga .py zuwa .pyw, ya wadatar. A Linux ma abin ya fi sauƙi, domin layi ɗaya ne a fayil ɗin gajerar hanyar, Terminal=false.

Matsalar ta fi tsanani ga fayilolin .bat, waɗanda ba su da ɗan'uwa marar taga. Shekara da shekaru dabarar da aka sani ita ce a rubuta ɗan gajeren VBScript da zai kira fayil ɗin ta umarnin Run tare da lamba 0, ma'ana a ɓoye, sannan a sa gajerar hanyar ta nuna wannan rubutun. Dabarar tana aiki, amma ƙasar da take tsaye a kai tana zaizayewa, domin a 2023 Microsoft ta sanar cewa za ta yi ritayar VBScript a hankali. Ba abin mamaki ba ne. Da wannan harshe aka rubuta ƙwayar cutar ILOVEYOU da ta mamaye kwamfutocin duniya a watan Mayun 2000, kuma tayar da umarni a ɓoye sana'ar ɓarayin bayanai ce ta yau da kullum. Manhajar riga-kafi ba ta karanta niyyar mutum. Idan ta ga an ɓoye taga, tana iya tsare akawun ofis kamar yadda za ta tsare ɗan damfara.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne farashin wannan ɓoyewa. Baƙar tagar ita ce bakin manhajar. A nan take cewa fayil ya ɓata, ko ma'ajiya ta cika, ko intanet ta yanke. Idan aka tayar da rubutun Python da pythonw.exe, mafitar saƙonninsa ba ta nan kwata-kwata. Kuskure zai faru, rubutun ya tsaya, babu wanda ya ji. A ɗauki ƙaramin asibiti ko kantin magani da ke kwafe bayanansa kowace yamma da irin wannan gajerar hanya. Ma'aikaciya ta danna, ba ta ga komai ba, ta ɗauka an yi aiki, domin rashin ganin komai shi ne alamar nasara da kuma alamar faɗuwa a lokaci guda. Ana iya shafe watanni a haka, sai ranar da kwamfutar ta lalace a gane cewa kwafin ƙarshe tun kafin azumi aka yi shi.

Saboda haka mai ɓoye taga sai ya fara ba manhajar wani bakin. A fayil ɗin .bat, ƙara >> rahoto.txt 2>&1 a ƙarshen umarni yana tura saƙonni da kurakurai duka zuwa fayil ɗin rubutu da za a iya buɗewa daga baya. A Python akwai kundin logging da ke yin wannan aiki har da kwanan wata da lokaci. Ya fi kyau kuma manhajar ta fito da ɗan saƙo a allo idan ta kammala ko ta gaza. Sannan a nuna wa mai amfani da ita yadda ake tsayar da ita idan ta maƙale, tun da babu tagar da zai rufe: ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, ya nemo sunanta a Task Manager, ya kashe ta daga can.