Barewar gidanmu

Ina aji biyar na firamare a Dakoro Baba ya shigo gida da wani abu naɗe cikin rawaninsa. Mun zata ɗan akuya ne. Da ya buɗe sai ga ƙafafu kamar sillen kara, da idanu da suka fi ƙarfin kan. Jaririn barewa ne, namiji. Wani makiyayi ne ya kawo shi kasuwa daga wajen kwarin Tarka, ya ce ya tsince shi kwance cikin ciyawa, ba uwa. Baba ya biya jika biyu.

Inna ta dube shi ta ce, "Malam, mi za mu yi da wanga abu? Ko ɗiyan namu ba su ƙoshi da nono ba." Amma ita ce ta riƙa tashi da asuba tana tatsar akuya tana ɗura masa. Muka sa masa suna Ɗan Lele. Yana bin Inna har bakin murhu, yana satar ganyen zogale daga faifai, ƴan unguwa kuma sun mai da zaurenmu gidan kallo. Ban taɓa yin farin jini a lakkol kamar na shekarar nan ba.

Da ƙaho ya fito, wasa ya canza. Barewar daji tana ganin mutum ta arce, shi kuwa namu bai san tsoron mutum ba, ya ɗauke mu ƴan'uwansa, kuma namijin barewa da ƙaho yake gwada ƙarfi da ɗan'uwansa. Ya tunkuyi ƙanwata a cinya, sai da aka yi mata ɗinki. Daga ranar aka kafa masa turke. Wata biyar yana zagaye shi har ƙasa ta yi rami. Wani dare ya tsinke igiya ya fita, da safe muka tarar karnuka sun gama da shi a bayan gari. Ko gudun kirki bai iya ba. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to namu akuya ta shayar da shi.

Sai da na zo jami'a wani aboki mai karatun dabbobi ya faɗa mini abin da ya hana ni barci. Uwar barewa takan ɓoye jaririnta cikin ciyawa ta tafi kiwo, ta dawo ta shayar da shi. Kwanciyar nan shiru ita ce kariyarsa. Wato mai yiwuwa Ɗan Lele ba maraya ba ne sam, uwarsa ta dawo ta tarar da wuri wayam. Ceton da muke taƙama da shi, wataƙila sata ce da kyakkyawar niyya.

Tun da harshe nake karanta, ku bar ni in ɗan ratse. Abin da Faransawa ke kira cerf, wanda muke gani a fim da ƙaho mai rassa, mu barewa muke ce masa don ba mu da wata kalma, alhali babu shi a ƙasashenmu. Shi yana zubar da ƙahonsa kowace shekara, barewarmu kuwa da nata take mutuwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda muke kiran duk dabbar da ba ta gida ba: naman daji. Tana tafe da ƙafafunta, mun riga mun ce mata nama. Inna da wannan take kare Baba. Ta ce, "Kai yaro, da ubanka bai saye shi ba, tukunya za ya tahi." Gaskiyarta. Sai dai jika biyun nan ta koya wa makiyayin cewa jaririn barewa kuɗi ne, kuma ban tsammanin namu ne na ƙarshe da ya tsinta.

Kuma ba wai babu inda za a kai shi ba. Gandun dajin Gadabeji yana arewa da mu, a yankin Bermo. An keɓe shi tun 1955, faɗinsa kusan hekta 76,000, UNESCO ta sa shi cikin jerin wurarenta a 2017, a 2018 kuma aka kwaso raƙuman dawa takwas daga Kure aka sake su can. Akwai barewa a ciki, akwai ma'aikatan daji. Dokar farauta da kare namun daji tana nan tun 1998. A gidanmu ba wanda ya taɓa jin ta, ma'aikacin daji a wurinmu mai kama masu saran itace ne, ba wanda za ka kai wa jinjiri ba.

Wani zai kawo mini zancen warwaji. Ya ƙare ƙaf a daji, waɗanda aka tsare a hannun mutane su ne aka mayar Cadi tun daga 2016. Na yarda. Amma garke ne aka tsare, da likitoci da lissafin jini, da nufin mayarwa. Barewa guda a tsakar gida ba ta haihuwa, ba ta komawa. Haka waɗanda ake gani a gidajen wasu masu kuɗi, kusa da ɗawisu, ado ne kawai.

In yau na ga jaririn barewa kwance, zan ja da baya in bar shi. In na tabbata uwar ta mutu, zan ba shi nonon akuya in nemi ma'aikatan daji kafin ya koyi bin mutum. Na faɗa wa Baba haka da hutun bara, ina ɗari-ɗari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai da ka gan shi ranar nan, kai ma ba ka barinai." Turken yana nan bayan rumbu, Inna tana ɗaure tunkiya a jikinsa.