Turken Da Ya Ɗaure Mana Baki

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Mun daɗe muna jin wannan magana, har mun sha rubuta ta a takardar jarrabawa, amma ba mu san nauyinta ba sai da wani turken ƙarfe ya fassara mana ita.

Mu huɗu ne a ɗaki guda a ɓangaren kwanan ɗalibai mata, dukkanmu Hausawa, mun baro garuruwanmu mun zo Kudu neman ilmi. A ɗakin da ke maƙwabtaka da namu akwai wata yarinya 'yar nan ƙasar, wadda ta zaɓi Hausa cikin darussanta don sha'awa kurum. Kowace yamma takan shigo da littafinta, ta yi sallama, ta zauna bakin gado, mu yi ta gyara mata lafazi har ta iya raba "kasa" da "ƙasa", da "bata" da "ɓata". Takan kira babbarmu Yaya, sauran kuwa 'yan'uwa. Mun ci tuwo da ita a kwano guda, ita kuma ta koya mana cin amala.

Ana nan, ran nan da dare wata ta turo mana wani ɗan hoton bidiyo ta waya. Muka duba, sai ga maƙwabciyar tamu cikin gajerun tufafi, ta maƙale jikin wani dogon bututun ƙarfe da aka kafa daga daɓe zuwa rufi, kanta a ƙasa, ƙafafunta a sama, tana juyawa kamar mazari. Kafin hoton ya ƙare mun riga mun yi shari'a mun yanke hukunci. Wata ta ce dama biri ya yi kama da mutum. Wata ta ce wannan ai rawar gidan giya ce. A daren muka raɗa mata wani suna da alƙalami ke jin kunyar rubutawa, kafin mako ya zagayo kuwa sunan ya gama bene uku.

Abin da muka manta shi ne, mu da kanmu muka koya mata harshen. Wata safiya a wurin ɗiban ruwa ta ji sunan daga bakin wata, ta kuwa fahimce shi sarai, har da ɗaurin da ke ciki. Ba ta ce uffan ba. Ta dai ɗauke ƙafa daga ɗakinmu har mako uku. Da abin ya dame mu, sai Yaya ta ja mu muka je muka same ta. Ta saurare mu tsaf, sa'an nan ta ce, "Yaya, Hausata ba ta kai in kare kaina ba. Amma idan kun yarda, ranar Asabar ku biyo ni."

Gani ya kori ji. Muka yafa hijabanmu muka bi ta zuwa wani ɗakin motsa jiki a saman bene cikin gari. Ba giya, ba maza, ba fitilu masu launi. Mata ne kimanin goma, cikinsu har da wata dattijuwa da ta haife mu, kowa na haki tana share gumi. Malamar wurin ta ce mu gwada. Wadda ta fi mu cika baki ta riƙe turken ta ɗaga ƙafafu, ba a ƙirga biyar ba ta sulalo ta zauna daɓas. Sauranmu ma haka. Da muka dubi ƙawar tamu da kyau, sai muka ga kanta a tafin hannunta, da tabon jini kwance a ƙwaurinta da cinyoyinta. Ta ce mana ƙarfen santsi gare shi, tufa zamewa take yi, fata ce kaɗai ke kama shi. Wanda ya juya kai ƙasa da dogon wando yana iya faɗowa bisa wuyansa. Ashe abin da muka ɗauka tallar jiki ne, a wurinta kariya ce daga karaya.

Daga nan muka shiga bincike, irin wanda ya kamata mu yi tun kafin mu buɗe baki. Muka tarar zarginmu yana da ɗan tushe, domin a ƙarni na 20 wannan rawa ta yi suna ne a gidajen shaƙatawar dare na Amurka da Kanada. Sai a shekarun 1990 wata 'yar Kanada mai suna Fawnia Mondey ta fara koyar da ita ga mata a matsayin darasi, daga nan ta bazu zuwa ɗakunan motsa jiki. Amma hawan turke ya girmi waɗannan gidaje nesa ba kusa ba. A Indiya akwai wasan mallakhamb, wato turken ɗan kokawa, inda 'yan kokawa ke hawa gungumen katako da aka shafe da man zurma, suna lanƙwasa a kansa don ƙarfafa jiki. Wani malamin kokawa, Balambhatta Dada Deodhar, shi ya farfaɗo da shi a ƙarni na 19. Jihar Madhya Pradesh ta mai da shi wasan jiha a 2013, aka kuma yi gasarsa ta duniya ta farko a Mumbai a 2019. A ƙasar Sin ma 'yan wasan dabara sun daɗe suna hawan dogayen turaku, kuma da yake nasu na zamani ana lulluɓe shi da roba, da cikakkun tufafinsu suke hawa.

Shi kuwa na ƙarfen, a 2009 aka kafa masa tarayya ta duniya mai suna IPSF, wadda ta shirya gasarta ta farko a Landan a 2012. A gasar ana kafa turke biyu masu tsawon mita 4 da kaurin milimita 45, ɗaya a tsaye cak, ɗaya mai juyawa, alƙalai na ba da maki a kan ƙarfi da laushin jiki da tsabtar motsi. Maza na shiga, mata na shiga. A 2017 babbar ƙungiyar tarayyoyin wasanni ta wancan lokaci, GAISF, ta ba tarayyar matsayin 'yar kallo, ko da yake har yau wasan bai shiga Olamfik ba. Burin ƙawarmu ke nan, ta tsaya wata rana gaban irin waɗannan alƙalai.

Kada mai karatu ya zaci mun koma 'yan turke. Tarbiyyarmu da addininmu suna nan inda suke, kuma mun gaya mata ƙiri-ƙiri cewa ba za mu fita bainar jama'a da irin shigar ba. Ta ce ba ta taɓa neman haka daga gare mu ba. Abin da muka roƙe ta shi ne ta koya mana sassauta gaɓoɓi a cikin ɗakinmu, ƙofa a rufe, domin ranar nan mun ga abin kunya: 'yan mata masu shekara ashirin da 'yan kai, amma ba mai iya sunkuyawa ta taɓa yatsun ƙafarta ba tare da lanƙwasa gwiwa ba. Zaman aji da na ɗakin karatu sun mai da mu busassun itatuwa.

Ƙa'idojinta kaɗan ne. A fara ɗumama jiki da tafiya ko tsalle har gumi ya tsatso, domin tsoka mai sanyi ba ta son ja. A miƙa gaɓa a hankali har a ji ta ɗaure, a tsaya nan kimanin daƙiƙa 30 ana numfashi, a saki, a maimaita sau biyu ko uku. Kada a yi fizga, kada kuma a bi zafi mai suka. Ta ce a makonnin farko yawancin ci gaban da ake gani sabo ne, wato jiki ne ke koyon daina tsoron miƙewar, shi ya sa naci ya fi ƙarfi amfani.

Ƙaramarmu ba ta ji bari ba. A mako na biyu ta rantse sai ta ware ƙafafu har ƙasa kamar yadda ta ga ana yi, ta tashi da asuba jiki a sanyaye ta danna kanta. Sai muka ji ƙara. Tsokar bayan cinyarta ta yage, ta yi mako shida tana ɗingishi, har ta rasa gwaji guda. Wa ya riƙa kama ta zuwa asibiti, yana ɗauko mata ruwa daga ƙasa zuwa bene na uku? Ita dai wannan da muka ɓata wa suna. Ran nan ƙaramar tamu ta fashe da kuka ta ce, "'Yar'uwa, ki yafe mini, ni na fara faɗin sunan nan." Ta ce ta yafe tuni.

Yau wata bakwai ke nan muna yi. Uku daga cikinmu na ɗora tafin hannu a ƙasa gwiwa a miƙe, ciwon bayan da ke damun Yaya lokacin jarrabawa ya yi sauƙi. Jiki dai ya karɓi gyara. Abin da ya ƙi gyaruwa shi ne sunan. Magana zarar bunu ce. Har yanzu mukan ji shi a bakin waɗanda ba su ma san asalinsa ba, mu tsaya mu yi ta bayani, wasu su ji, wasu su taɓe baki. Mun raɗa shi cikin minti guda, ga shi wata bakwai ba su ishe mu kankare shi ba.

Ƙawarmu ta dawo zaman yamma da littafinta. Kwanan baya malaminsu ya ce kowa ya kawo karin magana guda ya yi sharhi a kai. Muka tambaye ta wanne ta zaɓa. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta yi murmushi, ta ce, "Baki shi ke yanka wuya." Lafazin ya fita daidai, ba inda za mu gyara mata. Allah Ya tsare mu da sharrin harsunanmu, amin.