Gidan Tarihin Wasiƙu na Landan, da Sikelin da Ba Ya Yin Gyara

Wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Farringdon ya miƙe arewa da ƙafa, tun bai gaji ba zai iso Mount Pleasant, babbar cibiyar tantance wasiƙu ta Royal Mail da ke unguwar Clerkenwell. Jajayen motoci ne ke shiga da fita ba ƙaƙƙautawa. A da can kurkuku ne a wurin, wanda ake kira Coldbath Fields, kafin a miƙa filin ga gidan waya wajen ƙarshen ƙarni na 19. A gefen cibiyar akwai wani ɗan titi mai suna Phoenix Place, kuma nan ne Gidan Tarihin Wasiƙu yake, wanda aka buɗe a 2017. Ginin bulo ne marar ƙawa, mutum zai iya wuce shi bai waiwaya ba.

Yawancin maziyarta, musamman masu yara, jirgin ƙarƙashin ƙasa ne ke kawo su. Ɗan ƙaramin jirgi ne marar direba da ya yi jigilar buhunan wasiƙu tsakanin Paddington da Whitechapel daga 1927 zuwa 2003. Yanzu an ƙera masa taragun da ke ɗaukar mutane, ana zagayawa da su cikin ramin na kusan kwata guda. Dogon mutum sai ya sunkuya. Na shiga, na fito, ban ce babu daɗi ba. Amma abin da ya tsayar da ni yana ɗaya ɓangaren, bayan an wuce keken dokin da ake kai wasiƙu da shi da jerin akwatunan jefa wasiƙa na ƙarfe: sashen da ke ba da labarin 1840.

Kafin wannan shekarar, yawanci ba nauyi ake dubawa ba a Birtaniya. Nisan tafiya ake lissafawa da yawan falle, kuma galibi wanda aka aiko wa shi ke biya. Falle ɗaya daga Landan zuwa Edinbara ya haura sule guda, kuɗin da leburan wancan zamani zai yi tunani kafin ya fitar. Ambulan ma falle na biyu ake ƙirga shi, saboda haka sai a naɗe takardar kawai a liƙe ta da danƙo. Masu dabara kan cika shafi da rubutu, sannan su juya shi a kaikaice su sake rubutawa a kan na farko, layi na ratsa layi. Mai karatu ya sha wahalar ido, amma dai falle ɗaya aka biya.

Wani malamin makaranta mai suna Rowland Hill ne ya fito da ƙasida a 1837, ya nuna cewa ɗaukar wasiƙa daga wannan gari zuwa wancan ba shi ne ke cin kuɗi ba. Abin da ke ci shi ne ƙirge-ƙirgen falle, da rubuta lissafi, da bin gida-gida ana karɓar kuɗi. Ya ce a sa kuɗi ɗaya ga ko'ina a ƙasar, mai aikawa ya biya tun farko, kuma a yi awo da nauyi. Ranar 10 ga Janairun 1840 tsarin ya fara aiki: kwabo ɗaya ga wasiƙar da ba ta wuce rabin oza ba, wato kimanin giram 14. A watan Mayu aka fitar da kan sarki na farko a duniya, baƙi mai hoton Sarauniya Biktoriya, tare da shuɗi na kwabo biyu ga wasiƙar da ta kai oza guda. A cikin shekara ɗaya yawan wasiƙu ya ninka har ya ɗara.

Littattafai sun fi yabon kan sarkin, ni kuwa a ganina sikeli ne ya ci riba a wannan sauyi. Daga ranar da aka ce rabin oza, an ja layi, kuma duk inda aka ja layi za a sami masu tsayawa daf da shi. Ƙaramin sikelin tagulla ya zama kayan tebur a ofisoshi da gidajen masu hali, don mutum ya san matsayin wasiƙarsa kafin ya fita. Zuwan jirgin sama ya ƙara tsananta lamarin, domin kowane giram man jirgi yake sha. Kano ta shiga wannan harka da wuri: a 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kai wasiƙu tsakanin Hartum da Kano, aka haɗa ta da layin da ke zuwa Landan. Manyanmu da suka yi karatu a waje, ko suka riƙa rubuta wa gidajen rediyo, ba su manta shuɗiyar takardar nan marar kauri ba, wadda ita ce wasiƙar, ita ce ambulan. Sharaɗinta ɗaya ne: kada a cusa komai a ciki, ko hoto ɗaya.

Da na fito daga gidan tarihin, sai na nemi ganin yadda layin da Hill ya ja yake a yau. Ba sai an yi nisa ba. Yawancin rassan gidan waya a Landan a cikin shaguna suke: gaba ana sayar da ambulan da salatif da katin gaisuwa, can ciki kuma kanta ce da gilashi, kowace taga da sikelinta. A gefe akwai wani faifan roba mai tsaga biyu, siririya da mai ɗan faɗi. Wannan faifan ya samo asali ne daga 2006, lokacin da Royal Mail ta fara haɗa girma da nauyi wajen yanke kuɗi.

Wasiƙa ta yau da kullum iyakarta giram 100, kuma kaurinta kada ya wuce milimita 5. In ta ƙi ratsa siririyar tsagar, ta koma babbar wasiƙa, wadda ke kaiwa giram 750 da kaurin santimita 2.5. In ta ƙi ratsa ta biyun ma, ta zama ƙaramin ƙunshi, mai iyakar kilo 2. Daga nan sai matsakaicin ƙunshi, har kilo 20. Farar takardar ofis falle ɗaya giram 5 ce, don haka falle ashirin sun cinye giram 100 tun ba a sa ambulan ba. Amma wanda ya ninke takardun gida uku, kauri zai kama shi tun nauyi bai kama shi ba. Na ga wani saurayi da ɗan makulli a cikin ambulan, nauyinsa bai taka kara ya karya ba, amma tudun makullin ya hana shi wucewa ta tsagar. Ya latsa, ya karkata, ya sake latsawa. Ma'aikaciyar ta ce dole ya wuce da kansa ba tare da an tura da ƙarfi ba, ya biya kuɗin babbar wasiƙa ya tafi yana girgiza kai.

Ba mugunta ba ce. Injin tantancewa ne ke jan wasiƙu da gudu, kuma abin da ya yi tudu yana iya maƙalewa ko ya yaga ambulan. Amma ga mai biya, abin da ke ɓata rai shi ne kuɗin hawa-hawa yake tafiya, ba ya tashi sannu a hankali. Giram 99 da giram 40 kuɗinsu ɗaya. Giram 99 da giram 101 kuwa ba ajinsu ɗaya ba. A kasuwarmu in mai awo ya cika mudu yakan ƙara maka gyara; sikelin gidan waya ba ya gyara, ba ya kuma jin "don Allah".

A layin kantar na ji wata dattijuwa tana waya da Hausa irin ta zangon Kumasi. Da ta ajiye na gaishe ta.

"Hajiya, barka da rana. Saƙo za a yi gida?"

"Barka kadai, ɗana. Kayan jikata ne, 'yan riguna da takalmi. Na auna a gida, bai kai kilo biyu ba."

Da aka ɗora kwalin, sikeli ya nuna kilo 2 da giram 40. Ta ce ai ita ta auna. Ma'aikaciyar ta tambaye ta ko ta auna ne kafin ta naɗe ko bayan ta naɗe. Nan Hajiya ta yi shiru. Kayan ta auna tsurarsu, sannan ta sa su a kwali, ta cusa jarida a gefe-gefe, ta nannaɗe da salatif ba ƙyashi, yadda muke yi wa duk abin da zai yi doguwar tafiya. Kwali da jarida da salatif kuwa ba iska ba ne. Ga shi sikelin kicin yakan yi kuskuren 'yan giram, ya danganta da inda aka ajiye shi da ƙarfin batirinsa, alhali na kanta shi ake bi.

Iyakar kilo 2 ɗin nan ba Birtaniya kaɗai ke da ita ba. Ta fito ne daga dokokin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern na Suwizalan a 1874, kuma Nijeriya da Nijar da Gana duk suna cikinta. A tsarinta ƙaramin ƙunshi yana tafiya ne a sahun wasiƙu muddin bai wuce kilo 2 ba. Da ya ɗara, ya koma sahun manyan kaya, da wani kuɗin daban, galibi da wata takardar kwastan mai tsawo. Akwai kuma sharaɗin girma ga mai aikawa waje: tsawo da faɗi da zurfi in an haɗa kada su wuce santimita 90, kuma kada wani gefe ya wuce 60. Shi ya sa giram 40 ɗin Hajiya ba ƙaramin abu ba ne.

Ta koma gefe, na riƙe mata jaka, ta yanke salatif da almakashin shagon. Ta fara zaro jaridar, sannan ta tsaya tana jujjuya wata 'yar kwalbar turare da ta ɓoye cikin takalmin.

"Wannan fa, Hajiya, ko nauyi bai hana ba, ba za su karɓa ba. Ba a aika turaren kwalba ƙasar waje ta wannan hanya, saboda yana kama wuta."

"To, ka ga an huta. Ya zauna, in na tashi zuwa na kai mata da hannuna."

Ta sake rufewa, salatif zagaye biyu kawai wannan karon. Sikeli ya nuna kilo 1 da giram 910. Ma'aikaciyar ta miƙo mata ƙaramar takardar kwastan ta cike, ta liƙa a kan kwalin.

Masu sayar da kaya ta intanet, waɗanda ke zuwa da buhu cike da ƙananan ƙunshi kowace yamma, sun daɗe da koyon wannan karatu. Wani da ke bayanmu ya ce shi ba ya yarda kayansa su matso iyaka: yana auna su a naɗe, da takardar adireshi a manne, kuma in ya ga saura giram goma ko ƙasa da haka, ko ya rage takardar cushe ko ya biya aji na gaba. Ya fi tsoron akwatin kan titi a kan kanta, domin a kanta za a gaya maka ka gyara, akwati kuwa haɗiyewa kawai yake yi. In aka gano daga baya cewa kan sarkin da ka liƙa bai isa ba, ba kai za a nema ba. Royal Mail za ta riƙe saƙon, ta jefa wa wanda ka aika wa wani kati mai ruwan toka, cewa sai ya biya kafin a ba shi. Wato a wannan lungu ɗaya, tsarin da Rowland Hill ya rushe a 1840 yana nan da ransa: mai karɓa ne ke biya. Mutumin ya ce abokin ciniki yakan yafe jinkiri, amma wanda aka sa ya biya tara a kan kayan da ya riga ya saya, da wuya ya sake dawowa.