Wanda bai buga ba, zai iya koyarwa?

Jama'a, jiya a ɗakinmu nan Kafanchan musu ya kaure kan wanda zai zama kocin sashenmu a gasar bana. Ɗaya ya taɓa buga wa kulob a Jos. Ɗayan yayana ne daga Gwantu, wanda tun muna firamare sai an rasa mutum ake sa shi. Ni da bakina na ce, "Wanda bai buga ba me zai koya mana?" Ya ji, bai ce uffan ba.

Da dare barci ya ƙi zuwa. Gaskiya ne, Keshi ya ɗauki kofin Afirka yana ɗan wasa a 1994, ya sake ɗauka yana koci a 2013. Amma Maradona fa? Jamus ta lallasa Ajantinarsa 4-0 a 2010. Mourinho kuwa tafintan Bobby Robson ne, ya zo ya ci kofin Zakarun Turai da Porto a 2004.

Sai na tuna bara da nake ta ɓarar da fanareti. Yaya ne ya gano idona na tona wa gola inda zan buga. Na Jos ɗin cewa kawai yake, "Yi yadda nake yi."

Da safe na je na ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Gobe zaɓe, ƙuri'ata tasa ce.