Gidan Kanta a bakin ɗan Jabo

Malam, zuba mini rabin kofi kawai, ku kuma ku matso. Zancen nan tsakaninmu ne, don akwai dattawanmu da har yau in suka ji ɗan Jabo yana yabon gidan sarakunan Kabi sai fuska ta canza. Bikin ɗan wani abokin cinikina ya kai ni Argungu. Muka bi ta Tambuwal, muka ratsa Aliero da buhunan albasarta, muka wuce Jega da Birnin Kabi. Da aka gama ɗaurin aure sai mai masaukina ya ce ba zan bar garin ba sai na ga tsohuwar fada.

Gidan yana cikin tsohon gari, kusa da kasuwa. A nan sarakunan Argungu suka zauna tun ƙarni na 19 har 1942, lokacin da aka koma sabuwar fada. A 1958 aka buɗe shi gidan tarihi, aka sa masa sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ya ɓalle daga hannun Askiya na Songhai, ya gina Surame. Ɗaki bayan ɗaki za ka ga masu da takubba, kwari da baka, bindigogin toka, layu, da tamburan sarauta. Can ciki kuma akwai kaburburan sarakuna. Da muka doshi wajen, mai yi mana jagora ya rage murya, mu ma muka rage.

Alhaji, na ga kana murmushi, na san abin da ke ranka. Wa aka yi wa tanadin waɗannan masu? Mu ne mana! Ina tsaye gabansu abin ya zo mini. Mu nan mun tashi da labarin daga ɓangare ɗaya. Mun san an ci Birnin Kabi a 1805. Mun san Buhari ɗan Shehu ya zauna Tambuwal, garin ya zama ribaɗi mai fuskantar Kabawa. Ga Sarkin Kabin Yabo nan kusa da mu, zuriyar Moyijo, sarautar da sunanta kaɗai ya isa ya tuna maka wa ya yi nasara. Amma a Argungu ana ba da labarin nan ne daga ɗaya gefen. Za a gaya maka yadda Yakubu Nabame, bayan shekarun da ya yi a tsare a Sakkwato, ya koma ya ɗaga tutar Kabawa a 1849, aka kashe shi a fagen fama a 1854. Za a gaya maka Lafiyar Toga, sulhun da aka ƙulla zamanin Abdullahi Toga, wanda bai daɗe ba ya warware. Za a gaya maka Sama, wanda ya hau a 1883 ya hana garuruwan iyaka barci har Turawa suka iso. Suna faɗa kai a sama, kuma ban ga laifinsu ba. Kakanninsu sun tsare gidansu ne, kamar yadda namu suka tsare nasu. Na fito ina ganin girman mutanen nan fiye da yadda na shiga.

Kuma ba a bar zancen a kan yaƙi ba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa su a kogin Matan Fada don karramawa. Daga nan bikin kamun kifi ya samo siffar da duniya ta sani, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Na gangara bakin ruwan da yamma. Ba lokacin biki ba ne, sai 'yan masunta da goruna da homa, da gonakin shinkafa shimfiɗe a fadama iya ganinka. Gaba ta shekaru masu yawa, amma da ziyara da kifi aka rufe ta.

Yaya, kai magini ne, ga inda nake son ka saurara. Abin da ya fi tsaya mini a rai ginin ne da kansa. Kaurin bango, sanyin ɗaki da tsakar rana ba fanka ba komai, ƙofofin da ke sa ka sunkuya ko ba ka yi niyya ba. Ka fi ni sanin cewa ginin ƙasa ba ya tsayawa don kansa. Sai an bi shi da yaɓe kafin damina, an duba indararo, an cire azarar da gara ta ci, an shafa makuba inda ruwa ke duka. Kamar doki ne, ranar da ka daina kiwo ranar ya fara ramewa. Gidan Kanta yana tsaye ne don ba a taɓa barinsa ba mai shi ba: sarakunansu na kwance ciki, zuriya na shiga da fita, 'yan makaranta na zuwa, baƙi na zuwa. Je ka Surame ka gani, can wajen Binji. Birnin da Kanta ya gina da dutse, ganuwa bayan ganuwa, yau sai kufai da ciyawa, saboda mutanensa sun tashi. Dutse ya zube, ƙasa tana nan.

Na ji Malam yana cewa ai gyaran irin wannan sai gwamnati. Ban yarda gaba ɗaya ba. A Warso, babban birnin Folan, Jamusawa sun rusa fadar sarakunansu ƙurmus a 1944. Daga 1971 aka soma tayar da ita, aka ɗauki shekara goma sha uku, kuma da gudummawar jama'a aka yi, na gida da na ƙetare. Nasu aikin ma ya fi namu tsada nesa ba kusa ba, don ado ne na zinariya da zane a rufi. Mu ƙasa ce da ƙaiƙayi da giginya da hannun gwani. Abin da ke ƙarewa shi ne gwanayen. Yaya, a garin nan mutum nawa suka rage da za su ɗaura bakan gizo a soro ya tsaya? Matasa duk sun koma bulo da kwano, kuma ba zan zarge su ba, can kuɗin yake.

Shi ya sa nake jin zafi in na wuce ta tsofaffin zaurukan garinmu na ga an rushe an dasa shago. Ba na cewa mu zauna a ɗakin da ke yoyo. Amma zaure guda, soro guda, da za a ce nan kakan wane ya yi shari'a, nan aka ajiye tambari, ai bai fi ƙarfinmu ba. Takubban da ke ƙarƙashin gadajen tsofaffi, da Alƙur'anan hannu da ke cikin gafaka, in masu su suka rasu 'yan gwangwan ne ke zuwa da sikeli. Na ga an auna takobi a kilo da idona, raina ya ɓaci ƙwarai.

Ga shawarata. Bayan an gama girbi, kafin sanyi ya yi tsanani, mu yi karo-karo mu ɗauki mota guda, kowa ya zo da yaransa biyu, mata da maza. Mu tashi bayan asuba, mu yi azahar a Argungu, su ga gidan, su ji labarin daga bakin Kabawa da kansu, su ci kifi a bakin Matan Fada, mu kwana gida. Alhaji, kai ka san direbobin tasha, ka nemo mana farashi. Yaya, kai kuma ka zaga gari ka ƙirga mana sorayen ƙasa da suka rage, da masu su, kafin Juma'a mai zuwa mu san wanda za mu fara yi wa sallama.